Ƙofar da Ban Rufe Ba

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam,
kuran ya ɗauke tun isha'i,
batirin kwamfuta saura kashi sha tara.
Zafi ya kwanta bisa kwano, ya ƙi tashi.
Ni da shafi guda muke kokawa,
shafin jakunkunan Cima,
jar fata, koren zare, ɗinkin dukawan Birni.
So take a gan su a Agadas, a taya daga Kano.

Da la'asar na nuna mata a waya.
Ta tafa hannu, ta ba ni jika biyar kafin alƙalami.
Ai kuwa ya yi kyau:
na sa ja inda ja ya dace,
na ba haruffa fili su sha iska.

Amma da na miƙa shi ga ma'aunin ƙa'ida,
alƙalin nan da ba ya karɓar goro,
sai ya ce: kuskure ashirin da uku.
Layi na arba'in, ka buɗe ba ka rufe ba.
Na sittin da ɗaya, ka gina ɗaki a cikin taga.
Can ƙasa, suna ɗaya ka raɗa wa 'ya'ya biyu,
in an kira, wa zai amsa?

Na ce, to wa ya sani?
Manhajar buɗe shafi maƙwabciyar kirki ce,
ka bar ƙofa, ta ja maka, ba ta faɗa wa kowa.

Sai kakana Nomau ya faɗo mini a rai,
magini, wanda yatsunsa ke jikin bangon Birni har yau.
Bai taɓa fara zane ba sai tubali ya zauna.
Yakan ce, yana goge laka a gwiwa:
"Gini daban, ado daban.
Makuba ba ta miƙe karkataccen bango,
damina ɗaya ta isa ta tona."

Na kwashe launuka daga jikin ginin,
na kai su ɗakinsu, su kaɗai.
Na bar ƙashi tsirara ina dubawa:
kai a sama, ciki a tsakiya, ƙafa a ƙasa.
Saura sha huɗu.

Ga kuma Kawu Ari.
Shekara tara ke nan da idonsa ya rufe,
yana nan bakin Kasuwar Dole yana auna kanwa,
wayarsa ce ke masa karatu da muryar baƙuwa.
Ran Alhamis na buɗe masa shafin, ta ce:
hoto, hoto, hoto, sifili sifili bakwai.
Ya yi dariya har da tari:
"Ɗana, rumfar taka ba kaya?"

Don haka nake bin hotunan ɗaya-ɗaya,
ina rubuta abin da mai ido ba zai karanta ba:
jakar fatar akuya, ja irin na busasshen tattasai,
tuntu bakwai a baki, maratayi mai tufka uku.
Ya san tattasai. Ya gan shi shekara hamsin.

Saura biyu. Saura ɗaya.
Batiri kashi huɗu, sauro ya sami idon sawuna.
Ina hawa, ina sauka, layi bayan layi,
ashe 'yar karkatacciyar sanda ce na manta,
wadda ke cewa: nan magana ta ƙare.

Na sa ta.
Alƙali ya yi kore, bai ce sannu ba.

Cima ba za ta ga bambanci ba,
ba kuma za ta ƙara ko dala.
A waje kurar 'yan garuwa ta fara kuka,
suna rige-rigen layin famfo kafin asuba.
Fuskar kwamfuta ta mutu a hannuna.

Na lalubo hanya in sha ruwa,
randa saura na ƙasa, mai ɗanɗanon yumɓu.
Iska ta taɓa mini wuya.
Ƙofar zaure ce, a buɗe tun magariba.

Ita ma na rufe.