Abin da Ruwa Bai Ci Ba

Kwana arba'in da binne Baba Ittiyavira
muka zauna kan tabarma a gidanmu na Kuttanad.
Lauya ya buɗe takarda, ya gyara tabarau.
Gonar shinkafa ta Chakko ce, shi ne babba.
'Yan kunnen zinariyar Inna, na Sosamma.
Itatuwan kwakwa goma sha biyu, su raba a tsakaninsu.
Ni Annakutti, auta,
aka miƙo mini fitilar tagulla da hayaƙi ya dafe
da kwalekwalen da ke shan ruwa ta gindi.

Na yi murmushin da bai wuce leɓe ba.
A zuci na ce: Baba, da ni za ka yi haka?
Ni da na yi jinyarka damina uku,
ni da na san yawan gishirin da kake so a kifi?

Fitilar nan ba baƙuwa ba ce.
Rana na faɗuwa yakan zuba mata man kwakwa,
ya murza lagwani da yatsun da lauje ya farfasa,
ya tara mu gabanta, gwiwa a ƙasa,
ya ce, kamar attajiri na ƙirga dukiya:
“An yafe mana.
An kira mu 'ya'ya.
An ba mu Ruhu ya zauna da mu.
An ajiye mana wuri a teburin Almasihu.
Wa ya fi mu arziki a bakin kogin nan?”
Mu kuwa ciki na ƙugi,
Chakko na mintsinina, ina danne dariya.

Sai ga shekarar da ruwa ya haure madatsa.
Dare ɗaya gona ta koma tafki,
kwakwa ta tsaya cikin ruwa iya wuya.
'Yan kunne dama sun daɗe a hannun mai jingina
tun kwanciyar ɗan Sosamma a asibitin Kottayam.
Na toshe kwalekwale da tsumma da ƙaro,
na bi rufi rufi ina kwaso su,
har da Kamalakshi maƙwabciya,
wadda ba addininmu ɗaya ba,
ita da akuyarta mai ciki.

A benen majami'a muka kwana, mu sittin da ɗoriya.
Ba lantarki, ba busasshen zane.
Na lalubo ashana uku, ta ukun ta kama.
Chakko, da ya shekara tara bai taka ƙofar nan ba,
ya dubi harshen wutar, ya daɗe yana dubanta.
“An yafe mana,” ya ce,
sai muryar ta sarƙe.
Sosamma ta karɓa: “An kira mu 'ya'ya.”
Ni na ƙarasa, har tambayar ƙarshe.
Wani tsoho can lungu ya amsa: “Babu.”
Muka yi dariya, ruwa na dukan bango.

Daren nan na gane dabarar Baba.
Akwai gadon da in an raba sai ya ƙanƙance,
akwai wanda lauya ba shi da layin rubuta shi:
Chakko ya ɗauka duka,
Sosamma ta ɗauka duka,
nawa kuma ko ƙwaya bai ragu ba.
Wanda ya bar mana shi ya mutu domin mu ci gadon,
ya kuma tashi, yana zaune tare da magada.

Ruwa ya janye, ya bar mana laka da wari.
Chakko na sake dashe, bashi har wuya.
Ba zan ɓoye ba,
har yau in na wuce kwakwar nan zuciya kan ɗan sosa,
ko guda biyu ai da ya bar mini.

Amma rana na faɗuwa ina zuba mai,
in tara nawa yaran, gwiwa a ƙasa,
in ƙirga musu dukiyar ɗaya bayan ɗaya.
Ƙaramar na mintsinin yayanta.
Ina ganinsu ta wutsiyar ido.
Nakan ƙyale.