Fam Huɗu, Ban da Kuɗin Aikawa

Ranar Lahadi a Sunderland,
a filin da ake buɗe bayan mota a baje kayan mamata,
na sayi dangi guda cikin gwangwanin biskit.
Mai kayan ya ce fam shida, na taya biyar,
sanyi ya sa ya sallama.

Da dare, bayan na taso daga aikin asibiti,
na zazzage su kan tebur kamar mai tsintar shinkafa,
ƙwaya nan, tsakuwa can.
Hoton biki ba ya kasuwa,
kowa ya ƙame sai ka ce an sa masa sitaci.
Jarirai kuma sun yi yawa.
Kuskure ake rububi:
yatsan da ya rufe rabin teku,
kan da ya fice ta saman takarda,
karen da ya motsa ya koma hayaƙi.

Akwai wani dattijo a Leeds, Pickersgill,
ba ya sayen komai sai inuwar mai ɗauka,
wadda ke miƙewa kan ciyawa
har ta taɓa takalmin wanda ya tsaya.
Ya tara ɗari uku da ɗoriya.
Ban taɓa tambayarsa inuwar wa yake nema ba.
Mai ƙosai ba ta tambayar wa za a kai wa.

Ni ke raɗa musu suna a shafin ciniki:
"Yara uku, keke ɗaya."
"Mace da guga a bakin teku, wajen 1958."
Fam huɗu, ban da kuɗin aikawa.
In kwanta, waya ta yi ƙara ƙarƙashin matashi,
wani a ƙetaren teku ya saya wa kansa kaka.

Tawa kakar, Tabawa ta Malumfashi,
sau ɗaya tak ta tsaya gaban mai hoto,
shi ma sai da aka lallashe ta.
Aka adana a ƙasan adaka,
gara ta fara ci daga goshi.
Kunne ya rage mana, da bakin ɗankwali.

Ran Laraba saƙo ya shigo daga Whitby.
"Matar nan mai guga uwata ce, Enid.
Gugan ja ne, hoton ne bai faɗa ba.
Ƙanena ya kwashe gidan ina kwance asibiti.
Maureen."

Na duba tebur.
Ga Enid cikin ambulan, an manna kan sarki,
gobe za ta tafi Tulsa wurin wanda ya riga ya biya.
Na daɗe ina kallon ambulan ɗin
har shayi ya huce.
Sannan na sa wuƙar burodi na farke.
Mutumin Tulsa ya karɓi kuɗinsa,
ya bar mini tauraro ɗaya da baƙar magana layi biyu.

Mako biyu, sai ga kati, rubutun yana rawa.
"Na sa tabarau na duba da kyau.
Ba ita ba ce. Uwata ba ta kai haka tsawo ba.
Amma in ba damuwa zan riƙe ta,
ta riga ta zauna kusa da agogo."

Na yi dariya har na ji gishiri a baki.

A ƙasan gwangwanin akwai wata tsohuwa,
ta juya kai daidai lokacin da aka danna,
fuska ta tafi, kunne ya tsaya.
Ban sa mata kuɗi ba.
Tana jikin firij, maganaɗisu na riƙe da ita
tsakanin takardar wuta da jadawalin aikina.

Jiya Ramlatu ta dawo daga makaranta,
ta tsaya da madara a hannu,
ta ce, "Umma, wannan wace ce?"
Na ce, "Rufe firij ɗin, sanyi na fita."