Kai Ta Ce, Ko Ke?

Daren Lahadi kuran ya yi mana halacci,
bai ɗauke ba har aka ƙwanƙwasa ƙofar Sahura.
Sau biyu da ƙarfi, na ukun a hankali.
Ta aje fitila, ta zare sakata,
ta kalli wanda mu ba a nuna mana ba,
ta buɗe baki, rabin kalma ya fito,
sai sunaye suka hau allo kamar jerin kiyashi.

Tsakar gidanmu a Garin Malam ta yi tsit,
sannan ta fashe.
Barira ta wurgar da ludayi.
Lawali ya doki telabijin a ƙeya
wai ko ragowar shirin ta maƙale a ciki.

Wata tara muna rakiyar matar nan
da akwatin da wani ya bar mata a tasha.
Ba ta buɗe ba, ba ta sayar ba,
ta kwana da yunwa a gefensa.
Yanzu wai mu jira baɗi.
Baɗi! Sun san mu ke nan,
mutanen da ke kwana gaban pampo da jarka
suna sauraron tarin bututu.

Da safe a Kasuwar Dole
an taya magana kafin a taya tumatir.
Mai alkaki ta rantse "kai" aka ce,
direba ne, Tanimun,
wanda aka ce ya ƙone a hanyar Tanut.
"Wa ya ga gawa? Hula kaɗai suka nuna mana."
Kiyari mai gyaran salula ya ce jandarma ne,
kuma akwatin duwatsu ne a ciki, za ku gani.
A fadar su Maazu an ƙulla sharaɗi:
wanda ya faɗi, sukari da ganyen shayi
na wata guda suna wuyansa.
Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Zango
ya wuce kwanar gidanmu,
yana kafa mini hujja da hannu biyu,
babur na tafiya da ikon Allah.

Inna Gaptiya ba ta ce komai ba sai la'asar.
Shekara bakwai ke nan da yana ta rufe idonta.
Baya take juya wa telabijin,
wai kunne ba ruwansa da gaba.
Tana ɓarar gujiya ta ce,
"Ke ta ce.
Ku hoto ya toshe muku kunne.
Namijin da ya dawo karɓar kayansa
ba ya sassauta bugu na uku.
Kuma kafin bugun an yi kacau, ɗan ƙarami,
awarwaron yayarta da ta tafi Agadas
tun kashi na huɗu,
wadda kuka manta don ba ta sa leshi."

Muka ɗauko salula, muka maimaita wurin
har batir ya yi ja.
Kowane karo goge ke haɗiye wutsiyar kalmar.
Kacau ɗin kuwa, Barira ta ji,
Lawali ya ce cokali ne.

Da dare ina shimfiɗa mata tabarma
ta kamo hannuna.
"Kai," ta ce, "in baɗin ta zo ba ni,
kar ku matsar da kujerata.
In an gama, ka zo bayan gari,
ka tsaya ta wajen kaina.
Ban son dogon labari, ka san ni.
Kalma ɗaya ta ishe ni."

Na yi dariya don kar ta ji wani abu a muryata.
Ta ji.

Washegari na je fadar su Maazu
na sa sukarina a kan awarwaro.