Layi Na Shida

A Tromso, tun Nuwamba rana ta yi sallama,
ta ce sai ƙarshen Janairu.
To me za ka faɗa wa ɗan shekara bakwai
da ka tasa cikin duhu,
ya leƙa taga, ya ce, "Baba, ai dare ne"?
Agogo kaɗai ne shaidata,
Aslak kuwa bai yarda da agogo ba.

Uwarsu Torunn tana teku,
mako shida tana kula da injin jirgi.
Saura ni da su biyu,
da safar ulu guda mai ɓata kullum.
Runa ta maƙale wa bargo kamar kaska,
Aslak ya tsaya da buroshi a baki yana nazarin bango,
madara ta zube, motar makaranta ta wuce,
muryata ta riga ni isa bakin titi.

Ran wata Lahadi na juya tsohuwar kalanda,
na ɗauko rula, na ja layi biyar:
tashi, wanke baki, kayan sanyi,
cokalin man kifi,
sai riga mai ƙyalli don direba ya hango su.
Na manna a ƙofar firji, daidai hancin Runa.
Wanda ya cika aiki, ya zana kifi a gidansa.

Litinin kifi uku.
Talata huɗu, na fara taƙama.
Laraba teku ya ƙafe ƙaf,
don an yi rigima kan wa zai riƙe jan fensir.
Na sayo na biyu. Aka koma rigima kan shuɗi.

Kifin Runa dankali ne mai wutsiya.
Na Aslak da haƙora, da suna, da lamba.
Layin man kifinsa ya cika tsaf har kwana takwas,
ina ta yabo,
sai na lura kyanwarmu tana sheƙi
kamar an shafe ta da man kaɗanya,
tana jiransa ƙarƙashin tebur kowace safiya.
Muka goge takwas ɗin tare.
Bai yi kuka ba. Kyanwar ce ta yi fushi.

Da yayyafi kogi kan cika.
Na daina cewa "yi sauri",
na koma cewa "me ya rage a takarda?"
Su je su duba, su dawo su ba ni labari,
kamar su suka ƙirƙiro dokar.

Sai wata Alhamis, ina neman man shanu,
na ga layi na shida a ƙasa,
karkatacce, da koren fensir,
harafi ɗaya ya juya baya:
"Baba bai yi tsawa ba."
Gida tara. Kifi biyu.

Na tsaya, firji a buɗe, sanyi na dukan ƙafata.
Laifi tudu ne.
Na yi wata guda a kan nawa ina hangen nasu.

Tun ranar nake haɗiye rabin magana.
Nakan ƙirga tagogin maƙwabta kafin in buɗe baki.
Wata rana in ci, wata rana safa ta kayar da ni.
Alƙalan nan biyu ba sa karɓar cin hanci,
na gwada da cakulan.

Ran da rana ta leƙo ta bayan duwatsu,
minti kaɗan, ja kamar garwashi,
makaranta ta raba burodi mai zaƙi don murna.
Washegari na makara.
Na fito a guje, rigata a bai-bai,
na tarar da su a bakin ƙofa,
hula, takalmi, ƙyalli, bakinsu na ƙarnin kifi.
Babu wanda ya tuna da fensir.

Torunn za ta sauka ran Asabar.
Za ta tsaya gaban firji da jakarta a kafaɗa,
ta ƙirga layi biyar cike da garke,
ta gangaro kan nawa mai giɓi kamar bakin Aslak.

Jiya ma na faɗi, kan madara.
Da dare na tarar da dankali mai wutsiya a gidana,
Runa na tsaye a baya, cikin kayan barci.
Ta ce, "Aro ne.
Gobe ka biya."