Fatsa a Gidimuni

Asubar Lahadi na bar Damagaram
kafin masu waina su hura wuta,
fatsa ɗaure a bayan babur,
gwangwanin tumatir cike da tana
yana bugun cinyata har Mirya.

Zafin bazara bai jira hantsi ba.
Na isa Gidimuni riga a jiƙe,
na iske tafki ya ja da baya,
ya bar laka tana tsattsagewa
kamar diddigen da bai san mai ba.
Dabinai na tsaye gindin tudun yashi
suna lissafin ruwan da ya rage.

Nomau na can, gwiwa cikin kacala.
Sunan noma aka raɗa masa,
amma hannunsa bai san hauya ba.
Ga gonata nan, in ji shi,
ba shuka, ba maimai,
sai girbi ran da ruwa ya ga dama.

"Malamin lakkol, ka zo da surutunka?
Tuɓe shi a gaɓa tare da takalmi.
Karfasa na jin tari,
tarwaɗa har inuwa take ji."

Na soka tana, na jefa.
Ɗan karan da na ɗaura a zare
ya zauna bisa ruwa
kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba.
Sau ɗaya ya nutse, zuciyata ta bi shi.
Na fizgo da ƙarfin tuwon jiya:
tsohon silifa, na ƙafar hagu.
Nomau ko murmushi bai yi ba.
Ya ce, "Sake jefawa, ko na dama na kusa."

Da azahar muka taka busasshiyar laka.
Ya tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda,
ya kasa kunne kamar mai sallama a zaure.
"Akwai gaiwa a nan.
Ta naɗe cikin yauƙinta tun ruwa ya janye,
ba ci, ba sha, ba ta kuma mutu ba.
Jikinta take ci,
kamar ku ma'aikata ran ashirin ga wata."
Na ce mu tono ta.
Ya ce shi ba ya kama mai barci.

La'asar sakaliya, iska ta kwanta,
balbelu sun fara neman reshe,
sai zarensa ya miƙe yana rawa.
Ya sassauta, ya ja, ya sassauta,
kamar mai ciniki da ba ya gaggawa,
har ta fito, baƙa wuluk, tsawon hannu,
da gashin baki irin na tsohon jandarma.
Ya shafa cikinta. Ƙwai ne fal.
Ya zare ƙugiya a hankali,
ya buɗe tafin hannu.
Ruwa ya rufe, ko godiya babu.

Na ce, "Jaka biyu ke nan ka saki!"
Ya ce, "Ajiya na ba ta.
Ka zo baɗi ka ga riba."

A tasha na tsaya wurin Gwamma,
na sayi soyayyen karfasa guda huɗu,
na yar da takardar buhun siminti,
na jera su cikin jakar fatsa
yadda za su yi kama da nawa.

Zuwaira ta buɗe, ta sunsuna, ta dube ni.
"Lallai tafki ya ci gaba,
yanzu har da yaji da albasa suke fitowa?"
Yara suka kwashe da dariya,
ƙaramar ta roƙi silifan, na ba ta.

Cikin dare, ina kwance a tsakar gida,
walƙiya ta keta gabas, can wajen Gidimuni,
tsawa ta biyo a hankali, tana jan ƙafa.
Ban tashi shigar da tabarma ba.
Ina tunanin wata a ƙarƙashin laka,
wadda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa da rana
ba ta amsa ba,
ko yanzu ta ji.