Ƙarfe Uku a Garin Malam

An ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
na farka jiƙe da zufa, ƙarfe uku na dare.
Ɗakin Sila a buɗe, tabarma ba kowa,
takardar tramol a gindin randa, duk an huda ta.

Abin da nake yaƙi da shi ba shi da ƙaho,
ba ya barin sawu a rairayi.
Ya san lambar wayar ɗana,
ya san ranar da albashina ke ƙarewa.
Jiya a layin famfo ya raɗa mini:
"Tsine masa, Damaris, ki bar wa duniya."
Da muryata ya yi maganar,
shi ya sa na kusa yarda.

Maƙwabciya ta ce akwai mai magani a Mirya,
jaka biyar da baƙin zakara.
Na gode mata, na ja ƙofa.

Ni gwiwoyi gare ni, har sun yi kanta,
da sunan Yesu, da ba a sayarwa a kasuwar Dole.
Na durƙusa bisa siminti mai ɗumi,
na ce, "Yaron nan an yi masa baftisma,
yana da mai shi. Fita."
Ban ji tsawa ba. Sauro kaɗai ya amsa.

Wajen asuba famfo ya yi tari, ruwa ya zo.
Ina tara jarka ta biyu
kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida.
Ban san da wane ido zai shigo ba.
Na ɗora ruwan kunu,
na share fuska, na zare sakata.