Farfela

Kwana tara muka yi a ƙarƙashin Landirobar Kangyang,
bayana a kan kwali, sanyin Jos na ratso kwalin.
Mun ciro tsohon injin da tarinsa ya fi ƙarfin magani,
mun dasa na dizal, sayen Dilimi.
Bugu ɗaya ya tashi. Tanimu har da rawa.

Hanyar Bukuru ce ta tona mu.
Allura na taɓa sittin kujera ta kama makyarkyata,
madubi ya raba tirela ɗaya gida uku.
Tanimu ya ce taya ce.
Na ce a'a, na san wannan rawar,
farfela ce ke kai ƙara.

Ƙarfe ba ya faɗin ciwonsa a tsaye,
sai yana juyi.

Muka koma rami.
Giyabos ya sunkuyar da kai kamar sabon suruki,
aksul na baya ya ɗaga haɓa,
'yar aiken da ke tsakaninsu tana shan wuya,
kuros biyu, kowa da kiɗansa.
Maigidana Jatau, Allah ya jiƙansa, yakan ce:
ba dole su kalli juna ba,
amma karkatar nan ta biya bashin karkatar can.

Na ɗaure noti a zare, ya yi lilo, ya tsaya.
Tanimu ya manna wayarsa a jikin ƙarfe,
ta ce biyar a gaba, biyu a baya.
Zarena ya riga ta faɗi,
na dai bar yaro da murnarsa.

Na tara yaran gareji bakwai su zauna a baya
a madadin buhunan dankalin Bokkos,
don mota da kaya wata mota ce daban.
Muka ɗaga da jak, muka cusa ƙarfe
mai kaurin kwabo biyu.
Rawa ta ragu. Ba ta tafi ba.

Da na zare farfelar na kai ta rana
sai ga kunnuwanta sun saɓa da haƙori ɗaya.
Ɗaya tak.
Kuma ni na zura ta, ran Talata, da yunwa,
ina yi wa Tanimu faɗa kan gaggawa.
Ya gani. Ya miƙo mini girisi, bai ce komai ba.

Da yamma Kangyang ta ɗora kofin shayi a gaban sitiyari,
ta taka har Mararrabar Jama'a.
Shayin bai ko girgiza ba.
Ta ce, me ya same ta?
Na ce, kwabo biyu da haƙori.